Ƙaramin Turmin Inna

Ƙofar Sauri, Katsina
17 ga Mayu, 1999

Zuwa ga magabatana waɗanda Allah ya ɗora a kaina, Yaya Alhaji Lawal, babban gidanmu, da Yaya Zulaihat, mazauna Sabo ta Shagamu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da abokan sana'ar goro. Ina ƙara yi mana ta'aziyyar Inna, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. An yi sadakar arba'in ranar Juma'a kamar yadda kuka bar umarni kafin ku koma.

Ina sanar da ku cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Na kammala ajin yaƙi da jahilci, na zo na biyu cikin mutum ashirin da uku, kuma an ba ni takardar shaida. Daga yau ba sai na bi ta wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba. A ofis ma an fara ba ni takardu in jera bisa ga suna, ba kai saƙo kaɗai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, Baba ba ya cin abinci.

Kun san shekara huɗu ke nan da likita ya hana shi tuwo da shinkafa saboda ciwon suga, kuma kun san Baba, in ya karɓi magana ya karɓa. Ganye ne abincinsa, kwaɗo da rana, kwaɗo da yamma, kuma Inna ce ke yi masa. Tun da ta rasu na ɗauki wannan nauyi a wuyana. Kullum kafin in tafi ofis ina bi ta lambun Mati, in zaɓi zogale da rama da alayyafo, a yanka a gabana. Matata Hafsat ke dafawa. Tana sa ƙuli-ƙuli mai garas-garas da albasa manya-manya, ba ta rowa. Na ɗanɗana da kaina, ban sami abin kushewa ba.

Na kuma lura cewa kaɗaici ba ya taimakon mai makoki. Saboda haka na hana a kai masa kwano turakarsa kamar yadda aka saba. Na tsara ya riƙa cin abinci a zaure tare da Malam Sammani limaminmu da Audu tela, domin hira ta buɗe masa ciki. Sai dai Baba yakan ɗaga faifai, ya duba, ya tura musu kwanon ya ce, "Ku ci, ni na ƙoshi." Goron da kuke aiko masa ma rabarwa yake yi. Kunu marar sukari kaɗai yake kurɓa da safe, ludayi uku ko huɗu.

Jiya Audu ya ce masa, "Malam Babaji, ko sai mun yi maka amarya za ka ci?" Baba ya ce, "Ci abinka, tela. Kai da ko ƙyallen mutane ba ka maidowa, balle kwano." Aka yi dariya, Audu ya cinye, Baba bai taɓa ba.

Rigarsa ta fara yi masa yawa. Agogonsa yana zamewa har tsakiyar hannu.

Game da ni kuwa, lafiyata lau. Ban yi kuka ba tun ranar da aka kai ta. Ina tashi, in yi salla, in je lambu, in je ofis, in dawo. Zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an taɓa ba na ji. Na rubuta wannan ne domin bayani ya cika.

Ina jiran umarninku. Na ba Gwadabe direban motar goro wannan takarda.

Naku mai biyayya,
Muttaka Babaji


Sabo, Shagamu
26 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka, a gaida Hafsat da ɗawainiya. A gaida Baba, a ce masa muna nan muna addu'a.

Iye! Auta ya zama malam! Sai da na zagaya da takardarka ɗaki-ɗaki a gidan nan. Kai ne fa Inna ke bi da muciya don ka tafi makaranta, kai kuwa kana laɓe cikin masarar lambu. Da tana da rai da ta sa an karanta mata takardar nan sau goma, ta ɓoye ta cikin kwalla.

Yaya Alhaji na zaune kusa da ni, shi zai duba takardar kafin a liƙe. Ya ce a kai Baba asibiti a auna shi, a kuma sa malamai su yi masa rubutu. Ya ce kasuwa ba ta sake shi ba, amma da zarar ya sami sarari zai taho.

Ni kuwa ga tawa, ka karanta da kyau, kai da kanka in da gaske ka iya. Ka bar tsohon nan ya ci abincinsa inda ya saba ci. Sannan akwai wani ƙaramin turmi na ƙirya a ƙarƙashin gadon Inna, da 'yar taɓaryarsa, naɗe cikin tsohon zane. Ka nemo shi. Turmin nan ba na zaman banza ba ne. Ni na san amfaninsa, kuma tun da na dawo raina yana kansa. Ka dube shi da kyau, ka yi tunani. Iyakar abin da bakina zai iya faɗa ke nan.

Yayarka,
Zulaihat


Ƙofar Sauri, Katsina
5 ga Yuni, 1999

Zuwa ga magabatana, Yaya Alhaji Lawal da Yaya Zulaihat.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarku ta iso, kuma ni da kaina na karanta ta, babu wanda ya taya ni. Ina roƙo cikin ladabi a daina rubuta Auta a bayan ambulan, domin ta hannun mutane take biyowa, kuma shekarata arba'in da ɗaya.

An zartar da umarnin Yaya Alhaji. An yi rubutu, Baba ya sha. Na kai shi asibiti, ma'aikacin ya auna shi ya ce jininsa ya ragu, dole ya ci abinci. Ya ce Baba ya buɗe baki a duba. Baba ya ce, "Mi za ka duba? Ni ba ragon layya ba ne." Ya ɗauki sandarsa, muka dawo gida.

Game da turmin da Yaya Zulaihat ta ce ranta yana kansa, na fahimta. Ko da yake ba a raba kayan Inna ba tukuna, na nemi fatawar Malam Sammani, ya ce in magada sun yarda babu laifi. Ni na yafe rabona a cikinsa, kuma na san Yaya Alhaji ba zai hana 'yar'uwarsa abin tunawa ba. Na same shi inda kika ce. Cikinsa duk kore ne, alamar ba a daɗe da aiki da shi ba, abin da ya ba ni mamaki, domin ban taɓa jin daka a ɗakin nan ba. Na sa Hafsat ta wanke shi tas, na ɗaure shi cikin buhu da taɓaryar da zanen, na danƙa wa Gwadabe. Allah ya sa ki more shi.

Maganar mayar da kwano turaka kuwa, ban zartar ba, domin ban ga sa hannun Yaya Alhaji a kanta ba, kuma ni da nake kusa na ga mutum ba ya warkewa shi kaɗai a ɗaki.

Ranar Asabar da ta wuce soja suka miƙa mulki ga farar hula. An kunna rediyo a zaure, 'yan acaɓa suka yi ta zagaya gari suna hon har la'asar. A ofis an sauke hotuna daga bango, an bar ƙusoshi suna jiran sababbi, kowa yana cewa yanzu komai zai canza. Ni kuwa na ji kamar labarin wata ƙasa ake bayarwa. Baba ya ce a rage murya.

Ruwan farko ya sauka ranar Talata. Ƙasa ta yi ƙamshi, mutane suka fito suna hamdala. Mati ya ce nan da kwana goma tafasa za ta fito, matan Batagarawa za su fara kawo ta kasuwa tare da yaɗiya. Kun san Baba da kwaɗon tafasar farko, duk shekara shi yake fara tambaya ko ta fito. A kan wannan na dogara.

Naku mai biyayya,
Muttaka Babaji


Ƙofar Sauri, Katsina
16 ga Yuni, 1999

Zuwa ga magabatana.

Bayan gaisuwa, ban ji daga gare ku ba. An ce ana wahalar mai a hanya, motoci na kwana a layi. Wannan ta gidan waya na aiko ta.

Tafasa ta fito. Shekaranjiya na tsaya a bakin hanyar Batagarawa tun kafin matan su kai kasuwa, na zaɓi mai ƙananan ganye. Hafsat ta yi kwaɗon. Ƙamshinsa ya cika gida kamar lokacin Inna.

Baba ya ɗaga faifai ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya kai loma ɗaya. Malam Sammani ya ce Alhamdulillahi. Lomar ta daɗe a bakinsa yana juya ta, mu kuma muna kallonsa. Sai ya miƙe ya zagaya bayan gida. Da ya dawo ya ce, "Ku ci, ni na ƙoshi."

Yanzu a zaune yake salla. Kwana uku ke nan bai je masallaci ba, zauren ma sai an riƙe shi. Audu ya daina yi masa wasa.

Na yi duk abin da na sani. Ba na jin tsoro, ba na jin komai, ina dai gani. In za ku zo, ku zo.

Muttaka Babaji


Sabo, Shagamu
12 ga Yuni, 1999

Muttaka,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Wannan takarda Yaya Alhaji bai gan ta ba. Kada Hafsat ta gani, kada liman ya gani. In ka karanta ka sa ta a murhu.

Da Gwadabe ya sauke buhun nan na kwance na ga turmi, sai da na zauna a ƙasa. Mi zan yi da turmi a Shagamu, garin da kowane gida ake dakan sakwara? Na ce ka yi tunani, ka tafi neman fatawa! Amma laifina ne. Na yi maka magana a dunƙule don na yi rantsuwa, ga Yaya a kaina, kuma ban gaskata kai ke karantawa da kanka ba. Yanzu zan karya rantsuwar, kaffarar tana wuyana.

Baba ba shi da haƙoran tauna, ko ɗaya. Na gaba ne kaɗai suka rage, su kuke gani in ya yi murmushi. An fi shekara biyar a haka. Mutumin da yake fasa ƙashin rago da baki ranar Sallah muna tafi, kana tsammani zai zauna gaban tela yana mamular ganye kamar jariri? Yunwa ta fi masa sauƙi.

Shekara uku da suka wuce, zuwan da na yi da damina, Inna ta yi ɗan-karkare a yatsa, ta kasa riƙe taɓarya. Ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta sa na rantse, sannan ta jawo turmin. Baba bai san na sani ba. Ban ma tabbata sun taɓa yin maganar shi da ita ba. Ta dai ga yana barin ganye a kwano, ta fara dakawa, shi kuma ya fara cinyewa. Shi ke nan.

Ga yadda take yi. A tsince tafasar, a zubar da masu kauri. A dafa da ɗan kanwa har ta yi laushi, a tsane, a matse. Wannan Hafsat na iya yi. Sauran kuwa kai ne, suruka ba ta shiga wannan. Ka shiga ɗakin Inna ka rufe. Ka ninka zanen ka ɗora turmin a kai don kada a ji. Ka fara daka ƙuli har ya zama gari, ka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Albasa da tattasai su ma dakawa ake yi, ba yankawa ba. Sannan ka zuba ganyen kaɗan-kaɗan, ka daka har sai ka murza da yatsa ba ka ji tsinke ba. Gishiri, man gyaɗa cokali ɗaya. In ka kwashe a kwano ka ɗora ganye uku ko huɗu a sama waɗanda ba a daka ba, don ido, ko wani zai ɗaga faifai a hanya. Zogale da rama ma haka take yi musu.

Ka kai masa turaka, ka ajiye, ka fito. Kada ka tsaya, kada ka kalle shi, kada ka tambaya ko ya yi daɗi. Girman ofis ka cire shi tare da takalmi a bakin ƙofa.

Ga turmin nan na mayar ta hannun Gwadabe. Allah ya sa ya riske shi.

Zulaihat


Ƙofar Sauri, Katsina
26 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Zulaihat, ita kaɗai.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya. Takardarki ta sha biyu ga wata ba ta iso ba sai shekaranjiya Alhamis. Motar Gwadabe ta yi kwanaki a layin mai, sannan ta lalace a hanya. Ya kawo buhun har ƙofar gida yana cewa bai taɓa ɗaukar fasinja mai son yawo kamar turmin nan ba.

Na karanta takardar sau uku a tsaye. Ina shaida miki cewa ni ne na zaunar da mahaifina gaban mutane wata biyu da kwanon da ba zai iya ci ba, ina kallon bakinsa. Na rubuta wannan ne domin ya zama a rubuce.

Jiya Juma'a ban je ofis ba, kuma ban aika da dalili ba. Na je kasuwa da sassafe. Tafasa ta yi yawa yanzu, ga yaɗiya, ga lalo, ga ɗanyar kuɓewa ta fara shigowa. Wata tsohuwa 'yar Batagarawa ta ga ina jujjuya ganye ina zaɓen ƙanana, ta ce, "Malam, halan amarya ce ke kwaɗayi?" Na ce na tsoho ne. Ta ce, "To ɗauki wanga, bai ga rana ba," ta ƙara mini da hannunta.

Hafsat ta dafa ta matse. Na ce mata zan shiga da shi ɗakin Inna in yi tofi a kai. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma na sani. Na rufe ƙofa. Da na durƙusa gefen gado sai na ga wani zagaye a daɓen, ya ɗan lotsa. Na ninka zanen biyu na ɗora turmin a wurin, ya zauna daram.

Ban san daka aiki ba ne. Ƙulin ya yi ta tsalle yana fita. Tafin hannuna ya tashi kafin ganyen ya yi laushi. Na murza da yatsa sau shida ina jin tsinke, a na bakwai ban ji ba. Ina cikin haka sai na lissafa a raina, sau biyu a rana, shekara huɗu, muna tsakar gida ba mu ji ba. Ban yi kuka ba. Sai dai ƙafar nan da na ce ta mutu ta fara yi mini kamar ana soka allura. Ban san sunan abin ba.

Bayan an sauko daga masallaci na kai masa. Yana kwance ya fuskanci bango. Na ajiye, na fito.

A zaure na tarar da Malam Sammani da Audu, ga Mati ya biyo duba jiki, ga Gwadabe yana jiran amsa. Na sanar da su cewa daga yau Baba a ciki zai riƙa ci. Audu ya ce, "To mu namu kwanon fa? Ana murnar farar hula, mu an yi mana juyin mulki?" Mati ya ce, "Kai dai ka yi wata biyu kana mulki, ka sauka da mutunci." Suka yi dariya. Ni ina kallon ƙofar cikin gida.

Mun zauna har inuwa ta kai bakin kwata. Sai muka ji, "Muttaka!" Muryar ba ƙarfi, amma tasa ce.

Na shiga. Yana zaune ya jingina da bango, yana kallon taga. Faifan yana kan kwano. Na ɗaga. Babu komai ciki sai ganye ukun nan na ido, an jera su a gefe.

Ya ce, "Gishiri ya yi yawa."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Gobe a rage."

Na ɗauki kwanon. Har na kai ƙofa ya ce, bai juyo ba, "Zanen nan, ninki huɗu ake yi mishi. Ita huɗu take yi."

Na ce, "To, Baba." Na tsaya a soro na cinye ganye ukun kafin in fita wurin mutane.

Ban ce ya warke ba. Har yanzu a zaune yake salla, agogon ma ya cire ya ajiye. Amma yau da rana na yi na zogale, na rage gishiri, na ninka zanen huɗu, kuma kwanon ya dawo kamar na jiya. Ki faɗa wa Yaya Alhaji cewa Baba ya ci abinci. Iyakar abin da za ki faɗa masa ke nan. Takardarki kuwa ban iya sa ta a murhu ba, tana ƙarƙashin katifar Inna. Azumin kaffarar ki faɗa mini ranar da za ki fara, in taya ki.

Ni ne ƙaninki, Muttaka Babaji, wanda kike kira Auta.

Dakan ba shi da shaida, kuma ba zai samu ba. Cin ma babu wanda ya gani. Amma jiya Juma'a, kafin kiran la'asar, kwanon ya fito daga turaka babu komai a ciki, kuma na ɗaga faifai na nuna wa waɗannan mutane, sun gani da idonsu: Malam Sammani, limamin unguwa, Audu tela, Mati mai lambu, da Gwadabe direba, wanda zai kawo miki wannan takarda.